Tirela a Kan Teburin Cin Abinci

Tun ranar da kwalin nan ya shigo gidan, Mama ba ta ƙara cin abinci a kan teburinta ba. Tebur ne na katako mai nauyi, da gumin ɗinkinta ta saye shi, ta yi shekaru tana goge shi tana jiran ranar da maigidanta zai daina yawon hanya su zauna su ci abinci tare kamar mutane. To, ga shi ya daina, ga shi kuma ya zauna. Sai dai teburin ya zama gareji, ita kuwa ta koma cin abinci a kicin a tsaye, ko a gaban keken ɗinki da faranti a cinya.

Maigidan nata direban tirela ne. Ya haura shekara talatin yana jan kaya daga wannan gari zuwa wancan, har sunansa ya ɓace a bakin mutane. Daga maƙwabta har mai kanti, Direba kowa yake ce masa. Ita kuma duk mazauna benen da suke ciki Mama suke ce mata, har waɗanda suka girme ta. A farkon shekara kamfanin da yake wa aiki ya tura direbobinsa gwajin ido. Aka sa shi ya kafa goshi a jikin wata na'ura, aka ce ya danna maɓalli duk lokacin da haske ya ƙyalla a gefe. Na hagu ya yi ta dannawa. Na dama kuwa ya zauna yana jira a fara, alhali an daɗe da gamawa. Likita ta ce hawan jinin ido ne, ya cinye gefen dama a hankali, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Abin da ya tafi ya tafi, saura sai a riƙe da maganin ɗigawa. Kamfani ya yi masa godiya, ya ba shi agogon bango, ya karɓi makullinsa.

Direba bai yarda ba, kuma ba shi da niyyar yarda. "Na'urarsu ce ba ta da lafiya," in ji shi. Sai ya ɗauki kwalbar magani ya karanto ƙananan rubutun jikinta tas, ya dubi matarsa. "Wannan ne makahon?"

Mama ba ta musa masa. Ta san tsakiyar idon garau yake. Amma ita ce mai share fasassun kofunan da gwiwar hannunsa ta dama take turewa, ita ce take jin kafaɗarsa tana dukan ƙofar banɗaki. Ba tare da ta ce uffan ba ta koyi ajiye masa shayi ta hagu, miƙa masa tawul ta hagu, in za ta yi masa magana ta zagayo ta hagu. Abin har ya zame mata jiki, shi kuwa bai ma lura ba.

Watannin farko sun yi wuya. Mutumin da bai saba zaman gida ba, sai ga shi daga kujera sai taga. A tagar yake yini yana gyara wa direbobin da ke wucewa tuƙi. Su ba su ji ba, ita ke sha. Autarsu, wadda ke aiki a shagon sayar da wayoyi, ita ta fara gajiya da ganinsa haka. Ran nan ta shigo tana nishi da wani ƙaton kwali mai hoton tirela a jiki.

"Baba, haɗa ta ake yi. Komai a wargaje yake, har akwatin giya. In ka gama, da rimot za ka tuƙa."

"Ni kika sayo wa abin wasan yara?"

"Ba na yara ba ne, manya ke yi."

"Manyan da ba su da aikin yi."

"To, ai shi ya sa," Auta ta ce, ta tsere kicin kafin ya samu abin jefa mata.

Washegari Mama ta fito ta tarar ya shimfiɗa tsohon tawul a kan teburin, ya jera ƙananan ledoji, kowace da notinanta, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Fitilar keken ɗinkinta tana ci a gabansa, ya ciro ta ba ko sallama. Littafin bayani da ya zo cikin kwalin ko buɗe shi bai yi ba, wai shi ne za a koya wa inda ake ɗaura akwatin giya. Da ya gama haɗa ƙasan motar ya gwada, sai tayoyin baya na farko suka juya gaba, na biyu suka juya baya, motar ta tsaya wuri guda tana kuka. Mama ta ga lokacin da ya jawo littafin a hankali ya ɓoye shi ƙarƙashin jarida yana leƙawa. Ta yi kamar tana neman allura.

Ranar da ya haɗa ta duka, kai da bodi, tsawonta ya kai na tabarmar yaro. Ya ajiye ta a tsakiyar falo ya taɓa rimot. Motar ta zabura kamar ɓera ta je ta daki firji. Auta ta yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba.

"Wannan ba tirela ba ce," ya ce. "Tirela ba ta zabura. Sai ta yi nishi, ta yi shawara da kayan da ke bayanta, sannan ta motsa."

Daga nan aikin gaske ya fara, daga nan kuma kayan Mama suka fara yin ƙafa. Ya wargaza motar, ya sa Auta ta nemo masa wasu haƙoran giya da za su rage mata gudu. Ya je wajen mai faci ya kwaso guntayen dalmar da ake daidaita taya da ita, ya liƙa su a cikin bodi don ta yi nauyi. Da ta yi nauyi, sifirin ɗin roba da ta zo da shi ya kwanta. Sai ya yanka tef ɗin awo na ƙarfe, na Mama, ya jera ɓallayen bisa juna daga dogo zuwa gajere, kamar yadda ake yi wa babbar mota. Ƙaramin almakashinta ya tafi yankan gwangwani bai dawo da haƙori ba. Gwangwanin kuwa na maɓallanta ne, maɓallan ta tsince su cikin kwanon miya. Ya kankare jan fentin da motar ta zo da shi ya fesa shuɗi, irin na tsohuwar tirelarsa, gidan ya yi mako yana warin fenti. Kwalaben maganin idonsa da suka ƙare ma ba su tsira ba, su suka zama tankunan iska a gefen mota.

Abu ɗaya ne ya gagare shi. In motar ta ba shi baya tana tafiya, hannunsa daidai yake. Da zarar ta juyo ta fuskance shi, sai hagu ta koma dama, ya murɗa can ta tafi nan. Mutum ne da bai taɓa tuƙa mota daga waje ba, duk rayuwarsa a ciki yake. Auta ta ce yara ma yini guda suke sabawa. Shi bai saba ba, bai kuma nemi sabawa ba. Sai ya koma bin motar a baya, a hankali, daga falo zuwa lungun ɗakuna, in ta juya ya juya tare da ita. Mama tana kan keke tana ganin wucewarsu, mota a gaba, dattijo a baya da silifas. Haushi take ji, tausayi kuma yana hana ta magana.

Ana cikin haka Dogo ya kawo ziyara. Dogo a hannun Direba ya koyi tuƙi, tun yana saurayi mai dogon wuya. Yanzu ya yi ƙiba, ya mallaki manyan motoci nasa na kansa, amma har gobe in ya shigo gidan sai ya durƙusa, kuma Maigida yake ce wa Direba. Ya zagaya teburin yana kallon ƙaramar motar yana girgiza kai.

"Maigida, wallahi ita ce. Har salansar." Ya juyo ya dubi Direba. "Amma hannu irin naka ya ƙare a kan tebur? Ina da sabuwar mota a ajiye, na rasa wanda zan yarda da shi. Yaran yanzu gudu kawai suka iya."

"Ai ka ji abin da kamfani suka ce."

"Kamfani da takardunsu. Ni ba takarda zan ba mota ba, kai zan ba. Ko da wani abu ne a idon?"

"Ba komai. Na'ura ce."

"To, shi ke nan."

Mama tana kicin, wuƙa a hannu, albasa a gaba, ta daina yanka. Ta ji kujera ta yi ƙara, ta san zaman da ya gyara, zaman mutumin da aka tuna da shi.

"Bari in gama wannan," Direba ya ce. "Ban taɓa barin mota rabi da rabi ba. Ina gamawa zan zo."

Bayan Dogo ya tafi Mama ta yi magana, sau ɗaya. Ta ce, "Baban yara, gefen dama nan ne masu babur suke bi. Nan ne 'yan makaranta suke tafiya."

"Shekara nawa ina tuƙi, na taɓa taka ko kaza?"

"Da idon da kake da shi a lokacin."

"Idona ne, ni na san abin da nake gani."

Ya jawo fitila ya sunkuya kan aikinsa, maganar ta mutu a nan. Ta san shi. In aka matsa masa gobe-gobe zai tafi, don dai ya nuna. Ta kuma yi tunanin kiran Dogo ta gaya masa gaskiya, amma ta kasa. Yaya za ta tona wa mijinta asiri a wajen wanda ya koyi riƙe sitiyari a hannunsa? Abin da ya rage masa ke nan, wannan durƙuson da wannan Maigidan. Sai ta zauna da tsoronta, tsoro mai sauƙin faɗi: zai hau babbar mota da rabin ido, wata rana a kira ta a waya, ko don shi ko don ɗan wani.

Ya ce sai ya gama. To, ashe kada ya gama.

Kwana kaɗan bayan haka ya ɗaura madubai, ya ja da baya yana kallo. "Saura kaɗan," ya ce.

Mama ta zo wucewa da kwandon wanki, ta tsaya, ta karkata kai. "Wannan ce taka ɗin? Ni dai wadda na sani tana da robobi masu reto a bayan taya. Na hagu ma ya fi gajarta, ya taɓa yagewa."

Direba ya ɗago ya dube ta da mamaki. "Kin tuna wannan?"

"Ina da ido ai."

Ya yi kwanaki yana yanka tsohon tib ɗin keke kafin ya samu kaurin da ya gamsar da shi. Da ya gama, ta tuna masa da fitilar baya da ta tsage aka liƙe da jan salatif. Da ya gama wannan, ta tuna da sarƙar da ke lilo a ƙofar bodi, ta kuma ba da tsohuwar sarƙar wuyanta da ta koɗe. Sai ruwan ɗorawar jarka da yake ɗaurewa a ƙasa. Sai lotsawar da ke jikin bambar baya, wadda ya yi yini guda yana bugawa da bayan cokali har ta fito yadda take. Sai tamfol. Shi ne ya fi cin lokaci, kuma a kanta ya faɗa, don ita ta ɗinka shi da ƙyallen tsohuwar lema, ta huda ramukan igiya ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ɗaurin igiyar sai irin nasa na hanya, yatsunsa kuma sun yi kauri, sai da ya koya mata ɗaurin ta yi da hantsaki.

Duk wanda ya shigo gidan a makonnin nan cewa zai yi ga mata da miji sun samu abin da ya haɗa su. Auta ma haka ta zata, har tana zolaya wai a tsufa aka fara soyayya. Gaskiyar ita ce Mama ta gaji, gajiya irin wadda barci ba ya cirewa. Ɗinkin mutane ya taru, masu kaya suna zuwa tana ba su haƙuri. Bayanta yana ciwo, yatsunta sun sha gam. Sannan abin da ya fi ci mata rai, motar nan ba ƙaunarta take yi ba, ba ta taɓa yi ba. Kowane abu da ta tuno, sai ta koma ta tsaya a bakin ƙofa kafin ta gan shi, da goyo a baya ko da ciki a gaba, motar tana tafiya har ta sha kwana a ƙarshen layi. Haihuwar Auta ma yana hanya. Ta yi shekaru tana ƙoƙarin manta wannan tsayuwar, yanzu ga shi kullum sai ta je ta tono ta da hannunta.

Dogo yana bugo waya lokaci-lokaci. Direba ya ce, "Saura kaɗan." Mama ta sake nemo wani abu.

Har ranar da ya liƙa farin layin nan mai ƙyalli a ƙasan ƙofar bodi, ya ɓantare gefensa da farce kamar yadda ta ce na gasken ya ɓantare. Ya goge hannu ya juyo. "Sai me kuma?"

Ta rufe ido ta sake kallon motar tana tafiya. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta duba tsakanin tayoyi. Babu abin da ya rage, ta kwashe duka.

"Bari in yi tunani," ta ce.

"Ba sai kin yi ba. Ta ƙare."

A gabanta ya kira Dogo. Dogo ya ce an yi dace, akwai lodi ranar Asabar. Direba ya ce ya zo Alhamis da yamma ya ga gwajin ƙaramar tukuna, sai su wuce maganar babbar. Ya tashi ya sauko da tsohuwar jakar tafiyarsa daga kan durowa, ya kakkaɓe ta, ya ce a wanke masa rigunan hanya. Mama ta wanke, ta shanya, ta goge. Maganin idon ma ta sa masa a aljihun jakar, don ba ta san me kuma za ta yi ba.

Ranar Alhamis suka sauka filin ajiye motoci da ke bayan benen. Direba ya ɗauko tirelar a hannu biyu ya ajiye a kan siminti. Kafin ya taɓa rimot sai da ya durƙusa ya zagaya ta, yana ƙwanƙwasa kowace taya da bayan ƙaramin cokali, kamar yadda yake yi wa babbar da ƙarfe kafin kowace tafiya. Dogo ya yi dariya ya ce shi ma har yau ba ya tashi sai ya yi. Aka jera bokiti biyu a matsayin ƙofar sito. Maƙwabta suka leƙo ta tagogi.

Motar ta tashi yadda yake so. Ta yi nishi, sifirin ya ɗan kwanta, sarƙar baya ta yi lilo, sannan ta motsa. Ya bi ta a baya suka zagaya filin. Sai ya tsayar da ita nesa da bokitan, ya tsaya a gefen kan motar, ya ce zai shigar da ita da ribas.

A lokacin ne Mama ta sauko da ruwan sha a tire. Ƙafarta da kanta ta nufi hagunsa, inda ta saba. Ta yi taku kaɗan sai ta tsaya. Ta dubi bayansa, rigar da ta goge, wuyan da ya yi furfura. Ta dubi Dogo da ke tsaye can gaba wajen bokitan. Sannan ta juya ta zagaya ta dama, ta matso har ta ji warin gam a jikin rigarsa, ta tsaya. Ba ta ɓuya ba, ba ta kuma yi sanɗa ba. Tsayawa kawai ta yi da tire a hannu, a wurin da kowane mai ido zai gan ta. A duk zamansu ba ta taɓa yi masa abin da ya kai wannan rashin tausayi ba, kuma ta san haka tun kafin ta tsaya.

Ya fara ribas ɗin. Hannu ne na gwani, babu musu. Bodin ya lanƙwaso a hankali ya nufi tsakanin bokitan, ba gyara ba kame-kame. Dogo yana yafito da hannu yana cewa, "Zo, zo, a haka, Maigida." Hannun Mama ya fara sanyi da riƙon tire.

"Ina Maman yara?" Direba ya ce, idonsa a kan motar. "Ita ta ɗinka tamfol ɗin nan, bai kamata a yi ba ita ba." Ya ɗaga kai ya dubi tagarsu a sama, ya ɗaga murya. "Maman yara! Leƙo ki gani."

Hannun Dogo ya tsaya a sama. Ya dubi Mama, ya dubi Direba, ya dubi ɗan tazarar da ke tsakaninsu, wadda ba ta kai tsawon hannu ba. Murmushinsa ya tafi.

Direba ya sake kira.

"Ga ni," ta ce a hankali.

Sai da ya juyo da wuyansa gaba ɗaya kafin ya same ta. Yatsansa yana kan rimot bai ɗaga ba. Motar ta ci gaba da baya, kan ya naɗe ya haɗu da bodi, bokiti ɗaya ya faɗi ya gangara. Babu wanda ya je ɗauka.

Ya daɗe yana kallonta. Ta zata zai yi faɗa, ta ma shirya. Bai yi ba. Fuskarsa ce kawai ta saki, ya zama tsoho a gabanta. Ya miƙa hannu ya ɗauki kofin ruwa ya sha, don ya samu abin yi.

"Dogo," ya ce, "ka nemi wani ranar Asabar. Motar nan da sauran aiki."

Dogo ya sunkuyar da kai. Ya je ya ɗauko bokitin ya tsayar da shi. "Na lura, Maigida," ya ce. "Ai irin wannan aikin ba ya son gaggawa." Ya ƙi shan ruwa, ya ce ana jiransa. Da zai tafi sai da ya durƙusa kamar kullum, har ma ya ɗan daɗe a ƙasa.

Masu leƙe suka koma ciki. Direba ya zauna a matakalar bene, rimot a cinya. Mama ta ajiye tiren ta jingina da bango. Ba ta ji daɗin nasara ba. Gajiya ce ta sauko mata gaba ɗaya, da kunya, da wani sauƙi da ta ji nauyin jinsa.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun kafin ka fara ribas."

"Ba shi nake tambaya ba."

"Tun kofin farko da ya fashe."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon ƙaramar motar inda ta tsaya a naɗe, bayanta yana fuskantarsu, da robobinta da sarƙarta da jarkarta.

"Na daɗe ina son in tambaye ki," ya ce. "Duk abin da kika tuna mini na baya ne. Fitilar baya, bambar baya, ƙofar baya. Ko abu ɗaya ba ki faɗa na gaba ba."

"Bayan na fi gani."

"Cikin fa?"

"Ban taɓa shiga ba. Ba ka taɓa cewa in shiga ba."

Ya tashi da ƙyar, ya je ya miƙar da motar ya ɗauko ta. A matakala kafaɗarsa ta goge bangon dama, bai ce bangon ne ya matso ba. Mama ta biyo shi da tire da bokitai.

Da ta fito daga kicin da abincin yamma, ta tarar ya cire kan motar ya kifar a kan tawul. Cikin fayau yake, ba kujera ba sitiyari, sai wayoyi. Jakar tafiyar tana nan a bakin ƙofa inda ta ajiye ta, an ciro maganin idon an tsayar a kan tebur.

"Wannan zai ɗau lokaci," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Kujeru, gadon baya, labule. Akwai inda nake rataya kofi. Sai na gaya miki yadda kowanne yake, ke ki ɗinka."

Mama ta dubi teburin, ta dubi tarin ɗinkin mutane da ke jiranta a kan keke, ta sauke numfashi. Ta juya za ta koma kicin da farantinta kamar kullum.

"Ina za ki?"

Ya sa gefen hannu ya ture notina da filaya da kwalbar gam, ya buɗe wuri a kan teburin, daidai faɗin faranti ɗaya, ta damansa. Ya laluba ya jawo kujerar da ke wajen.

"Zauna nan," ya ce. "In wani abu ya taho ta nan, ki gaya mini."

Ta zauna. Kafin ta ɗauki cokali, ta matsar da kofin shayinsa daga bakin tebur.